Wa Ya Ƙoshi a Kwanon Gidanka?

(Sautin buɗe shiri)

 Yau hirarmu a tsakar gida take, a kan tabarmar da ake shimfiɗawa bayan magariba idan an kwashe tuwo. Wasu a birni teburi gare su da kujeru, wasu tabarma ce kawai. Duk ɗaya ne a wurina, muddin iyali za su zauna suna ganin fuskar juna.

Maigida, da kai zan fara. Na san al'ada: a kai maka akushi zaure, ku ci da maƙwabta, mata su ci nasu, yara a haɗa musu kwano ɗaya. Ciyayya zumunci ce, ban ce a bar ta ba. Amma yaushe rabonka da ganin yadda ɗan autanka yake cin abinci?

Mu leƙa kwanon yaran nan. Su biyar ne, babban shekararsa 12, autan bai cika biyu ba. Tuwo da zafi. Kafin autan ya hura loma ɗaya ta huce, yayyensa sun kai gindin kwano. Uwa ta ga kwano tas, ta ce madalla, sun ci. A kwana a tashi yaro ya fara rama, gashinsa ya yi ja, wasa ya gagare shi. A je asibiti, a ɗaura masa ma'aunin kaurin dantse, ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, a ce tamowa ce mai tsanani. Alhali kullum ana ɗora tukunya a gidan. Wannan abu yana ci mini rai, domin da wani babba yana zaune a wurin, da ya gani tun da wuri.

Uwargida, ki ba ƙaramin nasa ɗan kwanon, amma ya zauna cikin 'yan'uwansa, ke kuma kina kusa kina lallaɓa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga wata 6 ake fara ba jariri abinci tare da nono: sau 2 zuwa 3 a rana har wata 8, sannan sau 3 zuwa 4 daga wata 9 har ya kai shekara biyu. Idan akwai ƙwai, wake, kifi ko 'yar tsokar nama, shi da mai ciki da mai shayarwa ne suka fi bukata. Maigida, ka yi haƙuri ka rage naka.

Sai wankin hannu. Ƙwaryar ruwa ɗaya da kowa ke tsoma hannu a ciki, na ƙarshe dattin kowa yake ɗauka, kuma ta irin wannan hanya gudawa da kwalara ke zagaya gida. A zuba da buta, a sa sabulu, a cuɗa kamar daƙiƙa 20. Gishiri kuma, da na miya da na ɗanɗano duka, kada babba ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi, saboda hawan jini.

A wurin cin abinci ne fa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga hannun yaro Umar ɗan Abu Salama yana yawo a faranti, ya koya masa bisimilla da ci da dama da cin na gabansa. Tare suke zaune shi ya sa ya gani. Haka kai ma, maigida, za ka lura da yarinyar da ta daina taɓa abinci kwana biyu, ko tsohuwar da haƙori ya hana tauna tana jin nauyin faɗa. Waya a hannu takan rufe maka ido, don haka a ajiye ta a ɗaki.

Zama tare ko sau ɗaya a rana ya isa a fara. Yau da dare, idan an kawo akushinka, ka ce a shimfiɗa maka tabarma kusa da yara, ka ƙirga lomar da autan ya samu.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.

(Sautin rufe shiri)