Faɗan da ya mutu a kan sunan uwa



Yau za mu waiwayi fim ɗin Batman v Superman, wanda kamfanin Warner Bros. na Amurka ya fitar a shekarar 2016. Zack Snyder ne ya ba da umarni. An daɗe ana ɗokinsa, domin an ce manyan jarumai biyu za su gwabza.

To, me masu sharhin fina-finai suka ce? Ba su raga masa ba. Sun ce ya yi duhu, duhu a hoto, duhu a labari. Sun ce ya yi tsawo, awa biyu da rabi. Sun ce ya shagala da share wa fina-finai masu zuwa fage, ya manta da nasa labarin.

Amma ga inda aka fi yi masa dariya. Ku saurara. Batman ya danne Superman, ya ɗaga mashi zai soke shi. Sai Superman ya ambaci sunan matar da ta raine shi, Marta. Ashe sunan mahaifiyar Batman ke nan. Nan take faɗa ya mutu. Gabar da aka kwashe fiye da rabin fim ana ginawa, suna ɗaya ya rushe ta. A ganina, masu sharhin sun yi gaskiya a nan.

'Yar wasa Gal Gadot kam ta sha yabo bisa rawar da ta taka a fim ɗin a matsayin Wonder Woman. 'Yan kallo sun yi cincirindo a makon farko, a mako na biyu kuwa ciniki ya faɗi warwas.

Mu kwana nan, sai wani jiƙon.