Takalmin Gudu Mai Rahusa: Jawabi Ga Malaman Wasanni

 

Duk shekara idan gasar wasannin makarantu ta ƙarato, tambaya ɗaya iyaye ke kawo mana: wane takalmi za a saya wa yaro? Amsar da muka bayar tana iya cinye wa uba kuɗin cefanen mako guda, tana kuma iya jawo wa yaro ciwon da zai hana shi zuwa aji. Saboda haka ya kamata mu san abin da muke faɗa.

Da farko dai, takalmi ba ya gudu, mai shi ke yi. A shekarar 1960, Abebe Bikila na ƙasar Habasha ya lashe gudun fanfalaki na gasar Olamfik a birnin Rum ba takalmi a ƙafarsa. Kada mu hana yaro shiga tsere don ba shi da mai tsada. Sai dai filayenmu ba titin Rum ba ne. Ƙasar Kazaure da Roni akwai tsakuwa da duwatsu, ta Babura rairayi ne mai ƙuna, ga ƙarangiya da tsidau ko'ina. Aikin takalmi a nan shi ne kare ƙafa.

Rahusa iri uku ce. Akwai sabon takalmi na asali wanda yayinsa ya wuce aka rage masa kuɗi. Wannan shi ne mafi alheri. Akwai gwanjo, irin wanda ake samu a kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, wanda sai an zaɓa da natsuwa. Akwai kuma jabu, mai ɗauke da sunan Nike ko Adidas amma tafinsa busasshiyar roba ce. Wannan shi ne arahar da ba ta ado.

Masana harkar gudu sun ƙiyasta cewa soson da ke cikin tafin takalmi yana mutuwa bayan tafiyar kilomita 500 zuwa 800. Gwanjo kuwa ba ya faɗin nisan da ya yi, don haka sai a bincike shi. A ɗora shi a kan tebur. Idan ya karkata gefe guda, a bar shi. A duba zanen tafin, kada ya zama ya shafe. A lanƙwasa shi: ya kamata ya lanƙwasu a gindin yatsu, ba a tsakiya ba. A matsa bayan dunduniya, a ji da ƙwari.

Wajen gwaji, a je da yaron da kansa, da safar da zai yi gudu da ita, kuma da yamma, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini. A bar sarari kamar faɗin babban yatsa tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin. Al'adar sayen mai girma don yaro ya girma a ciki ita ke kawo bororo da gurɗewa.

Shin sai an sayi na atisaye daban, na tsere daban? Ga ɗalibanmu, guda ɗaya mai kyau ya isa. Takalmi mai ƙusoshi an yi shi ne domin filin tsere na musamman; a kan ƙasa mai tauri ƙwauri kawai yake wahalarwa. Abin da ya wajaba shi ne kada a fara sa takalmi ranar gasa. Yaro ya yi atisaye da shi na mako biyu tukuna.

Idan gwanjo ne, a wanke shi da sabulu saboda cutar fata, a shanya a inuwa, domin zafin rana yana sakin gam.

Ina roƙon shugabannin reshe su duba yiwuwar haɗa buƙatun makarantu a saya a sari, kuma kowace makaranta ta tanadi 'yan takalma na aro domin marayu da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi.

Allah Ya raya mana yaranmu, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu.