A Ba da Aiki, a Riƙe Sanin Aiki: Sharaɗin Cin Riba a Miƙa Ayyukan Kamfani Ƙetare



An ɗora mini yin magana kan yadda kamfani zai miƙa wani ɓangare na aikinsa ga wani kamfani a wata ƙasa, ya kuma ci riba maimakon da-na-sani. Magana ɗaya nake son kafawa: wanda ke cin nasara a wannan harka shi ne wanda ya ba da aikin amma ya riƙe sanin aikin. Wanda ya sallama duka biyun, ko ya ga sauƙi da farko, ƙarshenta zai biya fiye da abin da ya yi tsimi.

Tun a 1937 masanin tattalin arziki Ronald Coase ya nuna cewa sayen aiki daga waje yana da kuɗin da ba ya fitowa a takardar farashi: neman wanda zai yi, ciniki da shi, yi masa bayani, sa masa ido, da gyara abin da ya ɓata. Idan teku ta shiga tsakani, ga bambancin harshe da doka da lokaci, wannan ɓoyayyen kuɗi sai ya ninka. Albashin ma'aikaci a Bangalore ko Manila ya yi ƙasa da na London, wannan gaskiya ne, amma albashi ɓangare ɗaya ne kawai na lissafin.

Mu duba kamfanin General Electric na Amurka. A 1997 ya buɗe reshensa a Gurgaon, kusa da Delhi, domin ayyukan lissafin kuɗi da karɓar bashi da amsa kiran abokan ciniki. Bai fara da jefa wa baƙo aikin ba. Ma'aikatansa ne, shi ya horar da su, shi ya rubuta kowane mataki da yadda za a auna ingancinsa. Sai a 2005 reshen ya zama kamfani mai cin gashin kansa da sunan Genpact, ya ci gaba da yi wa General Electric aiki bisa kwangila. A lokacin, mai ba da aikin ya san abin da yake saye ciki da waje.

Kamfanin Boeing kuwa ya bi wata hanya da jirginsa ƙirar 787. Ya ba Mitsubishi na Japan fukafukai, ya ba Alenia na Italiya da Vought na Amurka sassan gangar jiki, kuma bai tsaya ga ƙira ba, har zanen sassan da kula da ƙananan 'yan kwangila ya bar musu. Tun a 2001 wani injiniyansa, Hart-Smith, ya yi gargaɗi a rubuce cewa irin wannan tsari zai kwashe riba ya bar wa kamfanin wahalar haɗa sassan da ba su dace da juna ba. Haka aka yi. Jirgin da aka nuna wa duniya a watan Yulin 2007 bai tashi ba sai Disambar 2009, kuma All Nippon Airways da aka yi wa alkawarin 2008 bai karɓa ba sai Satumbar 2011. A tsakani dole Boeing ya saye masana'antar Vought da ke jihar South Carolina don ya dawo da ragama hannunsa. Waɗannan kamfanoni ba 'yan koyo ba ne. Matsalar ita ce Boeing ya daina ganin abin da ke gudana a masana'antunsu sai bayan ɓarna ta iso ƙofarsa.

Wani zai ce: idan sai na riƙe ƙwararru a gida, na riƙa aika masu duba aiki, ina sauƙin da na nema? Tambaya ce mai ƙarfi, kuma amsarta ita ce sauƙin zai ragu, amma abin da ya saura shi ne na gaskiya. Idan bayan an cire kuɗin sa ido babu ribar da ta rage, to wannan aikin bai cancanci a fitar da shi ba tun farko. Shi ya sa aikin da ake maimaitawa, mai ƙa'ida a rubuce, kamar biyan albashi ko shigar da bayanai a kwamfuta, ya fi karɓar fitarwa. A 2003 kamfanin Dell ya dawo da amsa kiran wasu manyan abokan cinikinsa daga Indiya zuwa Amurka saboda ƙorafinsu, domin matsalolinsu sun wuce abin da rubutacciyar amsa za ta warware. Araha ba ta ado.

Wani kuma zai ce yarjejeniya mai tsauri ta wadatar: a sa tara, a sa wa'adi, lauya ya ɗaure kowa. Yarjejeniya wajibi ce, amma wanda bai san aikin ba ba zai iya rubuta sharuɗɗansa ba, kuma ba zai gane an saɓa ba sai abokin ciniki ya gaya masa. Tara tana iya mayar da kuɗi, ba ta mayar da shekara ukun da Boeing ya rasa.

Suka mafi nauyi ita ce ta adalci, cewa ribar tana fitowa ne daga gumin talakan wata ƙasa. Ba zan raina wannan ba. Ranar 24 ga Afrilun 2013 ginin Rana Plaza ya rufta a Bangaladesh, mutum fiye da 1,100 suka rasu, akasarinsu masu ɗinka wa kamfanonin Turai da Amurka tufafi. Wasu daga cikin kamfanonin sun ce ba su san a can ake ɗinka kayansu ba. Wannan rashin sani ba uzuri ba ne, shi ne laifin, kuma shi ne dai cutar da nake magana a kanta. Idon da ke duba ingancin kaya shi ne ke ganin tsagewar bango.

Wannan darasi bai yi mana nisa ba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke sa a buga masa atamfa a Sin, da kamfanin da ke ba Indiyawa rubutun manhajarsa, duk suna cikin wannan harka. Kafin ku sa hannu, ku tambayi kanku: za mu iya bayyana aikin nan dalla-dalla? Muna da wanda zai duba shi ya gane kuskure? Idan muka rabu da ɗan kwangilar gobe, zane da bayanai suna hannunmu? Ku fara da ƙaramin aiki na gwaji, ku je ku gani da idonku, sannan ku faɗaɗa. Idan amsar ɗaya daga cikin tambayoyin nan uku a'a ce, ku dakata ku koyi aikin tukuna.