Wa Ke Tsoro, Yesu ko Bilatus?

Yau ina so mu duba Yohanna sura 18 da 19, inda Yesu ke tsaye gaban Bilatus, gwamnan Yahudiya. Sojojin Roma na hannunsa, ikon gicciye mutum ma haka. To amma wa ke tsoro a wurin? Gwamnan ne fa! Da bakinsa ya wanke Yesu daga laifi, amma ana ambaton Kaisar sai gabansa ya faɗi, ya miƙa shi. Kujerar aro ce, mai ita yana Roma.

Yesu kuwa tun a lambu ya sa Bitrus ya mai da takobi kube. Ni a nan nake ganin sarautar Allah: ba ta neman dogari, don babu mai tuɓe ta. Shi Bilatus, wajen shekara ta 36 Samariyawa suka kai ƙararsa, aka sauke shi.