Mutumin da Ba Shi da Wurin Kwana

Jama'a, yau ina so in yi muku magana a kan mutanen nan da su ke kwana a rumfunan kasuwa da tashar mota. Da mun gan su sai mu ce ɓarayi ne, ko ragwaye. To, wa ya taɓa tambayar ɗayansu labarinsa?

Waɗansu 'yan cin rani ne, abin da su ke samu bai isa haya ba. Waɗansu faɗan Boko Haram, wanda ya tashi a 2009, ya kore su daga garuruwansu. A watan Satumba na 2024 kuma madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci Maiduguri, magidanta da yawa suka wayi gari ba ko tabarma.

Wanda aka kira ɓarawo, ba mai ba shi aiki. Marar aiki kuwa, ina zai sami ɗaki? Watau bakinmu ne ke tsare shi a waje.

Saboda haka in kun gamu da irinsa, ku gaishe shi, ku tambayi sana'arsa. In akwai dako ko aikin gini, ku kira shi. Allah ya rufa mana asiri, amin.