Kular Ƙanƙara da Tsiron Dawa: Darasin da Muka Ƙi Koyarwa

  Lokaci ba shi da yawa, don haka ba zan yi doguwar sharar fage ba.

Abin da ke kan teburin nan kula ce, irin wadda masu zoɓo da ruwan leda suke zuba ƙanƙara a cikinta a bakin tasha. An cire ɗan famfon robar da ta zo da shi an sa na ƙarfe marar tsatsa, an kuma kwantar da raga a gindinta daga ciki. Maganar da na zo da ita ɗaya ce: wannan kula ta isa a koya wa ɗalibi, da hannunsa, yadda ake mayar da sitacin dawa ya koma sukari. Ilimi ne da manyan kamfanoni suke cin abinci da shi a ƙasar nan, mu kuwa muna yaye ɗalibai sun haddace shi a takarda, ba su taɓa jin sa a harshe ba. Na daɗe ina faɗin haka a tarukan tsara manhaja, amsar da ake ba ni ba ta canzawa: babu kayan aiki. To ga kayan aikin.

Dabarar daga Amurka ta fito. A 1978 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba mutum izinin dafa giyar shansa a gida, sai masu wannan sha'awa suka yawaita. Matakin da ya fi ba su wuya shi ne jiƙa ɓarzajjen tsiron sha'ir a ruwa mai zafin digiri 65 zuwa 68, zafin ya tsaya a nan har awa guda, kada ya hau, kada ya sauka. Kamfani yana yin haka da ƙatuwar tukunyar ƙarfe wadda tururi ke zagaya jikinta. Mutumin da ke aiki a garejin gidansa ba shi da wannan. Sai suka lura cewa soson da ke tsakanin bangon kula, wanda yake hana zafi shiga ya narkar da ƙanƙara, shi ne kuma zai hana zafi fita. Suka ɗauki kula mai cin galan 10, wajen lita 38 ke nan, suka kwance famfonta, suka zura guntun bututu ta ramin, suka ɗaure shi da noti da zoben roba don kada ya yi yoyo, suka sa famfo mai hannu ta waje. Matacin kuwa, akwai wani tiyon ruwa da ake lulluɓewa da saƙaƙƙen ƙarfe. Sai a yanke bakinsa biyu, a zare robar ciki, a matse baki ɗaya, a ɗaura ɗayan a kan bututun. Wasu bututun tagulla suke tsattsagawa da zarto su kifa tsagar ƙasa. Idan aka fara ɗumama kular da ruwan zafi kafin a zuba hatsi, digiri ɗaya ko biyu kawai take zubarwa cikin awa. Ba wutar lantarki, ba gas.

Na ga fuskokin wasu sun canza da na ambaci giya, bari mu gama da wannan yanzu. Abin da ke fitowa daga famfon nan maɗi ne, ruwan zaƙi, babu ɗigon barasa a cikinsa. Barasa a wani mataki na dabam take samuwa, idan yis ya shiga aka bar shi yana cin sukarin. Wanda ya tafasa maɗinsa ya ɗura a kwalba mai tsabta ya kashe ƙwayoyin da ke ciki, abin da ya samu ɗan'uwan Maltina ne, wadda take kasuwarmu tun 1976, ana shanta wajen biki da suna da buɗa-baki. Milo da kuke dama wa 'ya'yanku da safe akwai tsiron dawa a cikinsa. In kusanci da giya ne laifin, sai mu cire rake da dabino da inabi daga manhaja. Ban zo koya wa kowa dafa giya ba, kuma ba na so a ci gaba da fakewa da sunanta ana hana yara sana'ar halas.

Labarin 1988 kun san shi. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da sha'ir da tsironsa, kamfanoni suka koma kan dawa a dole, irin nan na SK5912 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya yi suna. An ɗage hanin daga baya, amma dawa ta riga ta zauna. Ga masana'antar tsiro a Aba, ga ta Kudenda a Kaduna. Ƙasar nan tana noma tan miliyan 6 zuwa 7 na dawa a shekara, mafi yawanta a nan Arewa. Namu shi ne sayar da buhu. Ribar tana wurin wanda ya san zafin da ake jiƙa ta.

Yanzu ga inda nake so ku ba ni hankalinku, domin wanda ya kwaikwayi Ba'amurke kai-tsaye da dawa zai tashi a tutar babu.

Hatsi idan ya tsira yakan samar da inzayim guda biyu masu yanka sitaci. Alfa-amiles yana datse dogon zaren sitaci daga tsakiya, shi ne yake tsinka kauri, kuma yana jure zafi har ya haura digiri 70. Beta-amiles daga baki yake gutsura yana fitar da sukarin da harshe ke ji, yana son digiri 60 zuwa 65, da an kai 70 kuwa ya mutu. Amma dukansu ba sa iya cin ɗanyen sitaci da sauri, sai ya kumbura ya fashe ya nuna tukuna. Sitacin sha'ir yana nuna a ƙasa da digiri 65. Wato zafin da sitacin yake buɗewa shi ne zafin da inzayim yake aiki, shi ya sa Bature yake zuba ruwa sau ɗaya ya rufe kula ya tafi harkarsa. Dawa ba haka take ba. Sitacinta ba ya nuna sai tsakanin wajen digiri 68 da 80. Ka tsaya a 65, inzayim yana raye amma abincinsa a kulle. Ka hau 80, abinci ya buɗe amma mai cinsa ya mutu. Ƙari a kan haka, tsiron dawa beta-amiles ɗinsa kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da na sha'ir. Wannan ita ce matsalar da ta ɗaure kan kamfanoni bayan 1988, har da yawansu suka koma sayen inzayim na kwalba daga Turai.

Masana sun yi aiki a kanta, cikinsu har da Farfesa Geoff Palmer na Jami'ar Heriot-Watt a Sukotland tare da masu bincike 'yan Najeriya. Mafitar da aka tsaya a kanta ita ce a raba inzayim da sitaci na ɗan lokaci. A jiƙa ɓarzajjen tsiro a ruwa mai ɗumi, inzayim ya narke a ruwan, a bari gari ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama a ajiye gefe, a dafa na ƙasan har ya nuna, ya sha iska, sannan a mayar masa da ruwan da aka ajiye.

Ku sake sauraron wannan bayani, ku gaya mini ko baƙo ne. Matan da ke dafa pito a arewacin Gana, da dolo a Burkina Faso, da bilbil a arewacin Kamaru da Chadi, haka suke yi tun kaka da kakanni: su tsiyaye, su dafa, su mayar. Ku bar su ma, ku shiga gidajenku. Mai kunun zaƙi takan raba ƙullunta biyu. Babban kason ta sheƙa masa tafasasshen ruwa ya yi kauri, wannan shi ne nunar sitaci. Ba ta zuba ƙaramin kason nan take, sai zafi ya sauka, domin ta san in ta yi gaggawa kunu ba zai tsinke ba. A cikin ƙaramin kason nan kuma take niƙa tsiron shinkafa ko na dawa da busasshen dankalin Hausa. Me ya sa dankali? Dankalin Hausa yana daga cikin abubuwan da suka fi kowane yawan beta-amiles, shi ya sa dafaffensa ya fi ɗanyensa zaƙi. Abin da dawa ta rasa, shi uwayenmu suka nemo a dankali suka cike gurbin. Ba su san sunan inzayim ba, amma aikinsa a tafin hannunsu yake. Ni wannan ya fi burge ni a kan duk wata na'ura da na gani a ɗakin gwaji.

Abu ɗaya ne suka rasa, shi ne riƙe zafi. Ƙwarya ko bahon roba ba sa riƙe digiri 63. Da hunturu, kafin a yi nisa kunu ya huce ya faɗa zafin da ƙwayoyin tsami suke so, alhali inzayim bai gama aikinsa ba. Sai a wayi gari tsami ya rinjayi zaƙi, a cike da sukarin kanti, a ƙasar da fiye da kashi 90 cikin 100 na sukarinta daga waje ake shigo da shi. Wannan gurbi shi kula take cikewa.

Ga yadda ɗalibi zai yi. Ya ɓarza tsiro, kada ya niƙa shi lilis. Kowane kilo ya ba shi wajen lita 3 na ruwa, haɗin ya tsaya a digiri 45 zuwa 50 na rabin awa. Ya kwashe ruwan sama ya ajiye. Ya juye na ƙasan a tukunya ya tafasa yana motsawa. Idan ya huce zuwa wajen 70 ya mayar cikin kula, ya zuba ruwan da ya ajiye, ya duba ma'auni ya ga 62 zuwa 65, ya rufe. Bayan awa guda ya ɗiga kaɗan a farin faranti ya sa masa aidin. In ya yi shuɗi mai duhu da sauran sitaci, ya ƙara lokaci. In launi bai canza ba, ya buɗe famfo a hankali, ya mayar da kofunan farko masu gurɓi, har ruwa ya fara fita garau. Sai ya ɗauraye dusar da ruwa mai digiri 75, ya tafasa abin da ya tara ba tare da ɓata lokaci ba.

Zai gamu da toshewa, domin sha'ir yana da ɓawon da ke zama mataci, dawa kuwa ba ta da shi. Masu wannan aiki a Amurka ɓuntun shinkafa suke saya da kuɗinsu su cuɗa a ciki. Mu tulinsa yake a bayan injinan Kura da Argungu, wanki kawai yake so. Ga kuma gargaɗi uku. Kada a zuba tafasasshen ruwa a kula, robar ciki takan lanƙwashe. Kada a sa famfon da ba a san ƙarfensa ba, wani akwai dalma a cikinsa. Na uku kuma shi ne wanda ba na wasa da shi: saiwa da ɗan ganyen da dawa ke fitarwa idan ta tsira suna ɗauke da gubar sayanayid, irin ta rogo mai ɗaci. Makiyayi ya san gyauron dawa yana kashe saniya. A shanya tsiro ya bushe ƙayau, a murje, a sheƙe saiwar tas, wanda ya yi hunhuna kuma a zubar.

Wannan ilimi bai tsaya ga abin sha ba. Kunun da ake yaye yaro da shi, in ya yi kauri ba ya iya haɗiya, in aka tsinka da ruwa cikinsa ya cika da ruwa. Cokali guda na garin tsiro a kwanon kunu mai kauri mai zafi yana tsinka shi cikin 'yan mintoci, sai a sake tafasawa. Yaro ya sha gari ninki biyu ko uku a kofi ɗaya. An gwada wannan a Tanzaniya da Indiya tun shekarun 1980. Yankin da tamowa ta addaba kamar namu bai kamata ya jira wani ya zo ya tuna masa ba.

Wasu abokan aiki sun ce kula ba kayan kimiyya ba ce, ba za a samu sakamakon da mujalla za ta karɓa ba. Na'urar da suke jira, ko ta iso, wuta take so ta awa biyu ba yankewa. Kula da ma'aunin zafi mai kyau sun ishi darasi, kuma darasi nake magana, ba mujalla ba. Masu cewa aikin mata ne na tsakar gida kuwa, na riga na ba su amsa.

Ra'ayina bai canza ba tun da na fara koyarwa. Kada a ba kowa shaidar kammala kimiyyar abinci a Arewa sai ya tsirar da dawa da hannunsa, ya jiƙa, ya tace, ya auna zaƙin abin da ya samu. Sashen injiniya su karɓi haɗa famfo da raga, su koya wa masu gyaran famfo na gari, don mace mai sana'a ta iya kai kularta a gyara mata a unguwarsu. Jami'an hukumomin kula da abinci da na ga suna zaune a nan, ku fito da sharuɗɗa masu sauƙi da mai yin lita 30 a rana za ta iya cikawa ta yi rajista, domin wadda ba ta da rajista ba ta daina sayarwa, duba ta kawai ake dainawa. A kuma riƙa gayyatar gwanayen kunu ɗakin gwaji a matsayin malamai, a biya su.

Ku kuma ɗalibai, ba sai kun jira kowa ba. Hutun nan kowa ya sayi ma'aunin zafi, ya je wurin wadda ta fi kowa iya kunun zaƙi a unguwarsu, ya gaishe ta da ladabi, ya nemi izini. Ya auna zafin kunun a daidai lokacin da take zuba ɗanyen ƙullu, ya sake aunawa bayan awa ɗaya da bayan awa uku, ya rubuta irin hatsin da yawan dankalin. Ku kawo mini alƙaluman nan ranar da aka dawo, da su za mu fara darasi.