AMSOSHIN TAKARDUNKU: Yaushe Ne "Kaka"?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Funtuwa. Ya ce da faɗuwar damina ya karɓi rancen kuɗin taki wajen amininsa, ɗan kasuwa, a kan zai biya "da kaka". Ana yanke gero sai ga mai kuɗi a ƙofar gida. Shi kuwa nufinsa sai dawa ta shigo. Yanzu ko gaisawa ba sa yi. Yana tambaya, wa ke da gaskiya?

To Malam, a ganina babu maƙaryaci a cikinku. Lokaci ɗaya ne, amma kowa da mudun da yake auna shi.

Kai manomi, agogonka yana gona. Gero kan nuna cikin kamar wata 3, dawa kuwa sai an fara jin iskar hunturu. Shi ɗan kasuwa daga kasuwa zuwa kasuwa yake lissafi, kwana 7-7. Duk ranar kasuwar da ta wuce kuɗinsa na hannunka, ciniki ne ya kuɓuce masa. Shi ya sa wata 2 ɗin nan da ke tsakanin gero da dawa, a wurinka kamar jiya da yau ne, a wurinsa kuwa kasuwa 8 ce ko 9. Ai ka san mai jira shi ke ganin rana ba ta tafiya.

Ko shekarar ma ba ɗaya ba ce. Ta Musulunci kwana 354 ce ko 355, ta Bature 365, ratar kamar kwana 11. Shi ya sa azumin 2000 ya zo cikin sanyin Disamba, na 2011 kuwa cikin Agusta, ana tsakiyar aikin gona. Wata ɗaya ne, amma tambayi wanda ya yi noma da ƙishirwa ko tsawonsu ɗaya!

Shawarata ita ce, ka ɗauki dattijo guda ku tafi wurinsa. Ka ba shi abin da gero ya samar, sauran kuma ku yanka rana, ku faɗi wata da kwanan wata. Nan gaba in za a yi rance, a rubuta a gaban shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta yi umarni. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kada ya raba ku.

Allah Ya daidaita tsakaninku, amin. Sai mun ji daga gare ku.